Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa. Ke ma 'yata, maganar ta shafe ki, bakina ne dai ya saba da kiran ɗa namiji. Na san abin da ke cin ranka tun da ka kama aiki. Akwai wanda kuke aiki tare, an zauna an yi mitin, an ce ga yadda za a riƙa yin abu kaza, kowa ya ce ya ji ya yarda, har da shi. Ana watsewa ya koma yana yi yadda ya ga dama. Kai kuma idonka yana kai, bakinka ya yi nauyi. In ka yi magana a ce ka cika iyayi, in ka yi shiru abin ya hana ka barci. To, ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, kuma ban fita kunya ba. Shi ya sa nake so ka ji nawa kafin ka yi naka.

Ina matashi aka tura ni wani ƙaramin asibitin karkara, ba wutar lantarki, ba ruwan famfo. Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne firijin allurar rigakafi, irin mai aiki da kananzir. Ku da kuka tarar da na sola ba ku san wahalarsa ba. A gindinsa akwai tanki da lagwani kamar na fitila. Irin namu, in harshen wutar ya yi shuɗi to lafiya lau, in ya koma rawaya yana hayaƙi sai a kashe, a datse lagwani, a share bututun hayaƙin. Dokar kuwa har gobe ita ce a duk inda ake ajiye allurar rigakafi: sanyin cikin firiji kada ya sauka ƙasa da digiri 2, kada ya haura 8. Sau biyu a rana, safe da yamma, har Asabar da Lahadi, har ranar Sallah, mai juti zai duba ma'aunin sanyi, ya rubuta abin da ya gani a takardar da ke manne a jikin firijin, ya sa hannu.

Za ka ce wannan ai ƙaramin abu ne, aikin minti ɗaya. Haka ne. Amma allurar da zafi ya kashe ba ta wari, ba ta tsami kamar nono, kwalbarta tana nan fes kamar yau aka kawo ta. Sai a 1996 aka fara manna wa kwalaben ɗigon shan inna wata 'yar alama, murabba'i a cikin da'ira, wanda ke yin duhu in zafi ya yi wa maganin yawa. A zamanin da nake ba ka labari ba mu da ita. Ko yanzu ma alamar ba ta faɗar komai in sanyi ne ya yi yawa, alhali allurar ciwon hanta da ta Penta daskarewa ke lalata su. Ka ga ke nan wannan 'yar takarda ita ce shaidar da ke tsakaninmu da uwar da ta goyo jaririnta ɗan wata 9 ta taho a ƙasa tun asuba don a yi masa allurar ƙyanda. Ita ba ta san digiri ba. Mu ta sani, mu ta yarda da mu.

Muna karɓa-karɓar jutin firijin ni da wani dattijo wanda ya kusa haifata. Baba muke ce masa. Mutumin kirki, mai fara'a, shi ya nuna mini yadda ake riƙe cinyar jariri kada ya fizge. Matan garin in ba shi suka tarar ba sai ka ga ransu bai so ba. Wata rana ina duba takardar sai na lura duk makon Baba lamba ɗaya ce: 5, 5, 5, safe da yamma. Firijin kananzir kuwa ba ya zama wuri guda haka, da rana ya ɗan hau, da asuba ya sauka. Na ce a raina wataƙila dace ne. Bayan mako biyu, ranar wata Alhamis da la'asar, na tarar an riga an cike gurbin Juma'a da na Asabar, da biro ɗaya, da sa hannu. Jibi bai zo ba, amma an rubuta sanyinsa.

Me na yi? Ban yi komai ba. Na tsaya ina kallon takardar, na ji gabana ya faɗi, sannan na juya na fita. Na ce yaro da ni zan je in tuhumi wanda ya koya mini aiki? Na ce ai ba ni ne incaji ba. Na ce in na faɗa za a ce daga zuwana na fara neman cin mutuncin manya. Na kira abin kara, na kira shi kunya, na kira shi girmama na gaba. Tsoro ne kawai, ɗana, na sa masa riguna masu kyau. Sai na koma ina leƙa firijin a ɓoye a makon Baba in na samu sarari, ina ganin kamar na sauke nauyi. Haka na shafe makonni.

Ran wata Litinin, ranar allura, rumfa cike da mata da goyo, na durƙusa na leƙa gindin firijin. Wutar ta zama 'yar ja, ga baƙin hayaƙi ya toshe bututu. Na buɗe, ma'auni ya wuce 8 nesa ba kusa ba, ƙanƙarar da ke sama duk ta zama ruwa. Na ɗaga kai na dubi takarda: Asabar 5, Lahadi 5, Litinin da safe 5. Duk abin da na haɗiye a makonnin nan ya taso mini lokaci guda. Na fizgo takardar na fito tsakiyar rumfa, a gaban matan, a gaban leburanmu, a gaban yaron da ke rubuta kati, na ɗaga murya na ce, "Baba, wannan ƙarya ce ka rubuta! Kashe 'ya'yan mutane kake so ka yi?"

Wuri ya yi tsit, har jariran kamar sun ji. Baba bai ce uffan ba. Ya dube ni, ya dubi matan, ya gyara hularsa, ya shige sito ya ja ƙofa. Aka sallami mata ba a yi allura ba. Muka kwashe kwalaben gaba ɗaya aka mayar don a lalata. Da yake takardar ta daina zama abin dogaro, ba mu da hanyar sanin ranar da abin ya faro, sai da muka ɗauki rajista muka bi gida-gida tare da mai unguwa muna roƙon iyaye su dawo da yaran da aka yi wa a makonnin baya a sake. Wasu suka dawo. Wasu suka ce ai sun ji da kunnensu ma'aikaci ya ce ana kashe yara a asibitin. Kalmar da ta fita daga bakina ke nan, ta riga ni shiga gari. Magana zarar bunu ce.

Ka lura da kyau, laifina biyu ne, kuma na farkon ne ya haifi na biyun. Shirun makonni shi ya tara fushin da ya fashe a rumfa. Da ran Alhamis ɗin nan na yi magana, da muryata a ƙasa zan yi ta, don a ranar ba a yi asarar komai ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gyara ma haka ne. Wanda ya jinkirta magana mai sauƙi, zai zo ya yi mai zafi.

Abin da nake so ka riƙe, in ma ka manta da sauran, shi ne wannan: in abokin aiki ya bar tsarin da aka yi ittifaƙi a kansa, maganar ba ta ku biyu kaɗai ba ce. Akwai na uku, wanda ba ya ɗakin, wanda dominsa aka kafa tsarin. A wurinmu jariri ne. A gidan mai, mai motar da zai sha man da ba a gwada ko akwai ruwa a ciki ba. A shago, mai dukiyar da aka ce kada a ba da bashi sai an rubuta. A makaranta, yaron da aka cike masa maki ba a duba takardarsa ba. A garejin kanikawa, direban da ba a ɗaure masa nocin taya da kyau ba da fasinjojinsa. Duk lokacin da ka yi wa abokin aikinka kara ka yi shiru, da haƙƙin wannan na ukun ka yi karar, shi kuwa ba wanda ya tambaye shi ko ya yafe. Rufa wa Musulmi asiri abu ne mai lada a kan laifin da ya tsaya a kansa. Ɓarnar da ke gangarowa kan bayin Allah kuwa, rufe ta ha'inci ne.

Kafin ka buɗe baki, tsaya ka tambayi kanka wasu abubuwa. Abin nan da yake saɓawa, da gaske tsari ne da aka zauna aka amince, ko kuwa yadda kai ka fi so ne? Da yawa daga rigingimun wurin aiki, mutum ne ke ɗaukar ɗabi'arsa ya mai da ita doka. Yana nan ranar da aka yanke shawarar, ko yana hutu ba wanda ya sanar da shi? Da idonka ka gani, ko ji ka yi an ce? Kai fa, kana bi? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In kai ma kana tsallake gurbi ranar da ka gaji, fara gyara naka, kuma in ka je masa ka fara da faɗin haka. Sannan ka binciki zuciyarka: gyara kake so, ko kana da wata a ƙasa da shi tun ranar da aka ba shi zuwa kwas aka hana ka? In akwai tsohon haushi, zai ji ƙamshinsa tun daga sallamarka.

In ka tace duk wannan ka ga maganar tana nan, to ka je masa da kanka, kai kaɗai, da wuri. Kada ka bi ta bakin wani. Kada ka jefa habaici a zauren WhatsApp na ma'aikata kana cewa wasu mutane ba sa tsoron Allah. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka zaga ma ya sani, 'yan kasuwa ma sun sani, ka ga ka tozarta shi ke nan ba tare da ka ba shi damar amsawa ba. Nemi lokacin da ba ya cikin hayaniyar aiki, ba ya jin yunwa, ba a gaban yaransa ba. In mace ce kai namiji, ko ke mace shi namiji, ku tsaya inda ido zai gan ku amma kunne ba zai ji ku ba, kada wajen gyaran wata ɓarna a buɗe ƙofar wata.

Ka yi sallama, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani, da ranarsa, ka tsaya nan. Abin da ya kamata in ce wa Baba ran Alhamis bai wuce wannan ba: "Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai, na ce gara in zo wurinka da kaina. Na ga an cike gurbin gobe da jibi a takardar firiji. Ko akwai abin da ke hana duba ma'aunin?" Ka ji, babu "maƙaryaci" a ciki, babu "malalaci". Da zarar ka ce wa mutum "kai kullum haka kake", ka bar maganar takarda ka koma kan halinsa, shi kuwa zai lalubo rana ɗaya da ya yi daidai ya kafa maka hujja da ita, ku ɓata yini kuna musun kullum ne ko ba kullum ba, firiji yana can yana ɗumama. Mutum yana iya sauya abin da hannunsa ya yi jiya ba tare da ya zubar da girmansa ba. In ka ce shi ɗin ne gaba ɗaya ba shi da kirki, ba ka bar masa ƙofar dawowa ba.

Ka san labarin baƙauyen da ya shigo masallacin Madina ya tsuguna ya yi fitsari. Sahabbai suka taso masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su, aka bar shi ya gama, ya sa aka kwarara guga guda na ruwa a wurin, sannan ya sanar da mutumin cikin sauƙi abin da ake yi a masallaci da abin da ba a yi. Mutane sukan tuna sauƙin su manta da gugan ruwan. An tausasa wa mutumin, amma ba a bar najasar a wurin ba, kuma ba a bar shi ya tafi cikin jahilcinsa ba. Taushin harshe ba ya nufin a bar ɓarna a kwance.

In ka yi tambayar, sai ka rufe bakinka ka saurara. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, don mun riga mun yanke hukunci tun a hanya. Ruwa ba ya tsami banza. Bari in ƙarasa maka labarin Baba ka gani.

Mun yi wata uku daga gaisuwa sai gaisuwa. Limamin garin ne ya kira ni bayan sallar Magariba ya ce, "Yaro, gaskiya ka faɗa, amma ka yanka dattijo a gaban matan da ya yi wa 'ya'yansu allura shekara da shekaru. Je ka ba shi haƙuri a kan yankan, gaskiyar kuma tana nan inda take." Na sayi goro na tafi. Baba ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka daɗe ba mu ce komai ba. Can sai ya miƙo mini akwatin ashana ya ce in karanta masa rubutun jiki. Na karanta. Ya ce, "Ni rabon da in ga wannan rubutun ya fi shekara." Yanar ido ce ta rufe masa gani. Ƙananan layukan ma'aunin sanyi ba ya ganinsu ko kaɗan, launin harshen wuta ma sai dai ya kintata. Yakan sa hannu cikin firijin, in ya ji sanyi ya ce lafiya. Takardar kuwa sai ya cire ta ya kai bakin taga da rana tsaka kafin ya gane gurabunta, shi ya sa yake cike na kwana uku lokaci guda. Ya ɓoye ne don tsoron kada a sallame shi kafin lokacin fanshonsa, ga 'ya'ya a makaranta.

Na fita daga zauren nan ƙafafuna da ƙyar suke ɗaukata. Tambaya ɗaya a keɓe, ran Alhamis, da ta fito da wannan. Kada ka ce na wanke shi, uzurin ya bayyana dalili ne kawai, rubuta abin da ba ka gani ba kuwa ƙarya ce ko da wane dalili, shi ma da bakinsa ya faɗa. Amma maganin abin yana da arha ƙwarai. Muka je wurin incaji tare, Baba ya faɗi halin da yake ciki da kansa. Aka mai da karatun ma'auni hannuna da na wani yaro, shi kuma ya riƙe wayar da kan iyaye mata da shiga unguwanni, aikin da duk cikinmu ba wanda ya kama ƙafarsa. Daga baya aka yi masa aikin ido a birni.

Wani lokaci dalilin da za ka ji shi ne tsarin kansa yana da gyara: wanda ya tsara shi yana ofis, bai san cewa fom ɗin ya ƙare tun watan jiya ba, ko mutum ɗaya aka ɗora wa aikin uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In haka ne, ku ɗauki maganar ku kai mitin tare, a gyara a gaban kowa. Amma kafin a gyara, a ci gaba da bin wanda ke ƙasa. In kowa ya ce zai gyara doka shi kaɗai a ɓoye, gobe ba wanda ya san abin da ɗan uwansa ya yi da abin da ya bari, sa hannu kuma ya tashi daga shaida ya zama ado.

Kada kuma gaskiyar da ke hannunka ta ruɗe ka ka ɗauka ita kaɗai ta isa. An yi wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, a babban asibitin Viyana ta ƙasar Ostiriya. Ya lura masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi, ya gano cewa likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke tahowa su taɓa matan. A watan Mayu na 1847 ya kafa dokar wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mace-macen sun kai kusan 18 cikin 100, zuwa Yuni sun sauko kusan 2 cikin 100. Duk da haka manyan likitocin zamanin da yawa suka ƙi karɓa, don a lokacin ba a tabbatar da ilimin ƙwayoyin cuta ba, kuma sun ji zafin a ce hannunsu ne ke ɗauke da ajali. Shi kuma da haushi ya ci shi sai ya koma rubuta musu buɗaɗɗun wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Wanda aka kira haka a bainar jama'a, kare kansa zai tsaya yi. Semmelweis ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali yana da shekara 47, duniya ba ta ba shi gaskiyarsa ba sai bayan ransa. Da na karanta tarihinsa daga baya, sai na tuna kalmar da na jefi Baba da ita a rumfa. Kusan ita ce.

To, in ka yi magana a keɓe, ka saurara, ba wani uzuri, ya ce to, gobe ya koma ruwa fa? Ka sake zuwa sau ɗaya, wannan karon ba kewaye-kewaye: "Malam, mun yi magana ran Talata, yau na sake gani. Ni ba zan iya sa hannu a ƙarƙashin wannan ba." Kada ka fara yi masa aikinsa a ɓoye kamar yadda na riƙa leƙa firiji a makon Baba, don ranar da ba ka nan ramin yana nan a buɗe. In ya ƙi ji, sai a kai gaba, amma ka gaya masa tukuna: "Abin nan ya fi ƙarfina, gobe zan sanar da oga. Na fi so mu je tare ka faɗi naka." Za a iya ce maka munafuki. Kada ya dame ka, don munafuki ba ya sallama kafin ya kai suka. Mai gulma yana kai magana wurin waɗanda ba za su iya gyara komai ba, a teburin mai shayi, a bayan mai ita. Kai kuwa ka kai ta wurin wanda aka ɗora wa alhakin gyarawa, da sanin mai ita. In ka je, rana da takarda za ka ajiye, ban da tarihin halinsa, ban da abin da aka ce ya yi a wurin da ya baro. Ka faɗa ka koma bakin aikinka. Hukunci ba naka ba ne, kuma ko an ba shi takardar tuhuma kada a ga haƙoranka. Washegari kai za ka fara gaishe shi.

Akwai wuri guda da duk wannan bi-a-sannu ba ya aiki, wato in cutar tana gab da auka wa wani. Allurar ƙyanda in an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 zubar da ita ake yi. In ka ga abokin aiki ya zuƙo daga kwalbar da aka haɗa tun safe ga shi la'asar ta yi, ga cinyar yaro ko damtsensa a hannunsa, ba lokacin neman keɓewa ba ne. Ka ce, "Dakata, Malam, zo ka ga wani abu," ka tsai da hannun, bayanin ya biyo baya a cikin ɗaki. Ran 27 ga Maris 1977, a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, hazo ya rufe ko'ina, wani babban matuƙin jirgin KLM, wanda shi ke horar da sauran matuƙa, ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi izinin tashin ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko wani jirgi na kamfanin Pan Am da ke tafiya a kan titin ya riga ya kauce daga kai, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya sauka, ba a sake tayar da maganar ba. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka mutu. Tun daga irin wannan ne kamfanonin jiragen sama suka shiga horar da ma'aikatansu cewa na ƙasa ya faɗa da babbar murya, ya maimaita, na sama kuma ya saurara. Girmama babba wajibi ne a tarbiyyarmu, amma ba a girmama shi da ran mutane.

Na san bin tsari kullum yana da gundura, ba wanda zai tafa maka don ka duba ma'auni ran Lahadi da yamma. Amma da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ran 25 ga Agusta 2020, shekara huɗu bayan mai ɗauke da ita na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016, na tuna dubban mata da maza da suka riƙa ɗaukar kula a kafaɗa cikin rana, suna duba 'yar alamar kwalba kafin su ɗiga wa yaro a baki, suna tuna wa juna in wani ya manta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in hannu ɗaya ya saki, sai na kusa da shi ya yi magana, in ba haka ba jinkar kan kowa za ta faɗo.

Saura abu guda, shi ne ya fi wuya: ranar da kai za a gyara. Tana nan tafe. Tawa ta zo bayan Baba ya dawo daga aikin ido da tabarau mai kauri. Muna shirin fita ƙauyuka, ina sauri, na jera kwalaben allurar DPT a cikin kula sun jingina da ƙanƙara kai tsaye, alhali sanyin ƙanƙara lalata su yake yi. Rumfa cike da mutane, irin ta waccan Litinin ɗin. Baba ya leƙa kular, ya rufe ta a hankali, ya ce, "Ɗana, ɗauko ta ka taya ni wani abu a sito." Muna shiga ya ja ƙofa, ya ciro wani guntun kwali daga aljihun rigarsa ya miƙo mini, ya ce, "Ka manta wannan a tsakaninsu." Shi ke nan abin da ya ce. Ga dama ta samu da zai rama a gaban matan nan, bai ɗauka ba. Na karɓi kwalin hannuna yana rawa, na ce, "Na gode, Baba." Ya ce, "Mu tafi, rana tana yi."

Kai ma in an ja ka gefe haka, kada ka ce "wa ya sa ka?", kada ka tono nasa laifin don ku yi kunnen doki. Ka ce na gode, ka gyara. Wanda ya ce maka gyara kayanka, so yake ku isa kasuwa tare.

Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya haskaka makwancinsa. Kai kuma gobe in ka je aiki, kada ka bari ta kai Litinin. Allah ya ba ka harshe mai taushi da zuciyar da ba ta tsoron faɗin gaskiya, ya sa abincin da kake kai wa gida halal ne. Tashi ka je, Allah ya yi albarka.